Ada, Dodi, Prinsipe ko Bijagos: Wane Tsibiri Ne Zai Ba Ɗan Zango Shirun da Yake Nema?

Wani ƙanena mai gyaran waya a Sakul, babban shataletalen garinmu, ya tare ni bayan isha'i a majalisar shayinmu da ke Nima. Ya ce, "Yaya, kaina ya cika. Na ɗan tara abin da na tara, ina son in je inda babu hon ɗin motocin haya na trotro, babu janareta, babu mai bugo mini waya ya ce allon wayarsa ya fashe. An ce in nemi tsibiri. Wanne zan je?" Ban ga laifinsa ba. A Ankara, babban birnin Gana, ko a watan da sarakunan Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo, kunnen mutumin Nima da Mamobi ba ya hutawa.

Wurare huɗu na ajiye masa a faifai. Biyu a nan gida: tsibiran bakin kogin Volta a Ada, da tsibirin Dodi da ke cikin tafkin Volta. Biyu a waje: Prinsipe a ƙasar Sao Tome da Prinsipe, da tsibiran Bijagos na Gini Bisau. Ga yadda na auna masa su.

Abin da za a duba kafin a ɗaure kaya

Na farko shi ne shirun kansa, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Suna ɗauka nisa ne ke kawo shiru, ko tsada. A ganina abu biyu ne ke kawo shi: ranar da ka je, da kuma ko za ka kwana. Tsibirin ranar Asabar daban, na ranar Talata daban, ko da ƙasar ɗaya ce. Wanda ya je da hantsi ya dawo da la'asar ya ga ruwa ne kawai. Shiru yana sauka ne bayan kwalekwalen ƙarshe ya juya da 'yan yawon yini.

Na biyu kuɗi, kuma tambayar ita ce da wane kuɗi za ka biya. Abin da ake biya da sidi, ta MoMo ma, wato tura kuɗi ta waya, in an so, ba ya tayar da hankali kamar abin da sai ka je wurin 'yan canji ka nemi yuro ko sefa.

Na uku hanya: mota nawa, jirgi nawa, takarda nawa. Na huɗu haɗari, wanda a tsibiri kusan duka sunansa ruwa. Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu 'yan Zango ba mu iya iyo ba. Kakanninmu fatake ne na tudu, goro da shanu suka sani. An ce iya ruwa fid da kai, to wanda bai iya ba sai ya nemi rigar ceto ya ɗaura kafin ya sa ƙafa a kwalekwale, ko da matuƙin zai yi masa dariya.

Sai ci da ibada. A nan akwai sauƙi fiye da yadda ake zato. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, kifi ko ƙaguwa ko jatan lande, kuma ruwan teku yana yin alwala. Nama ne abin tambaya, da man da aka soya abu da shi. Duk wuraren nan huɗu sun kai nisan ƙasaru, muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Buta da darduma dai kada a bar su a gida, alƙibla kuwa daga gaɓar Gana gabas ce maso arewa.

Na ƙarshe: kwana nawa wurin zai riƙe ka kafin kewar gida ta kama ka, kuma a wane wata yake karɓar baƙo.

Tsibiran Ada

Ada Foah tana da nisan kilomita ɗari da 'yan kai gabas da Ankara. Ka bi babbar hanyar Tema, ka miƙe hanyar Aflao, a Kasseh ka karya dama. Awa biyu ne in hanya ta yi kyau, uku in cunkoson Tema ya riƙe ka. Akwai trotro daga Tudu da Ashaiman. A nan ne kogin Volta ke ƙare tafiyarsa ya shiga teku, kuma kafin ya shiga sai ya rarrabu ya bar tsibirai a tsakiya: Pediatorkope, Alorkpem, Aflive, Azizakpe da wasu ƙanana. Mutanen wurin Dangme ne, masunta da masu saƙar tabarma da masu nutso su ɗebo adode, wato ƙumbar kogi da ake soyawa a tsire a sanda.

Kuɗinsa shi ne mafi sauƙi a cikin huɗun. Kuɗin mota, kuɗin kwalekwale, da bukkar kwana. Kwalekwale ciniki ne, don haka ku gama magana tun a bakin ruwa: zuwa da dawowa ne ko zuwa kaɗai, tsibiri nawa za a tsaya, ƙarfe nawa zai dawo ya ɗauke ka. Ka ba da rabi, ka riƙe rabi sai an dawo. Na taɓa biya duka tun farko, matuƙin ya ce yana zuwa da azahar, ban sake ganin ƙeyarsa ba sai da rana ta yi ja. Masauki kuwa hawa-hawa ne, daga bukkar ciyawa mai yashi a ƙasa da fitilar hasken rana, a kan siririn rairayin da ke raba kogi da teku, har zuwa manyan otal na bakin kogi masu kuɗin da zai sa ka riƙe baki. Mai neman shiru bukkar ta fi masa.

Amma fa ranar Asabar da Lahadi Ada ta masu kuɗin Ankara ce. Jiragen gudu suna yanka ruwa, kiɗa yana tashi daga gidajen hutu har tsakar dare, kwalabe ko'ina. A makon farko na Agusta kuma akwai bikin Asafotufiami, da harbe-harben bindigar toka, gari ya cika ya batse. Biki ne mai kyan kallo, sai dai ba shi ƙanena yake nema ba. Ka je ranar Litinin da yamma ka dawo Alhamis. A waɗannan kwanaki, bayan magariba ba ka jin komai sai igiyar teku ta bayanka da ruwan kogi yana lasar gindin kwalekwale ta gabanka. In ka idar da asuba a kan yashi, za ka ga masunta suna jan taru, ba wanda ya san da kai, ba wanda ya damu da kai.

Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu kunkurun teku suna fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai, har da irin ƙaton nan mai baya kamar fata. Ma'aikatan kula da namun daji na Ada suna raka baƙi kallo, ba a haska musu fitila mai ƙarfi, ba a taɓa ƙwan. Yamma da garin akwai tafkin gishiri na Songor, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2011, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka can.

Aibinsa uku. Daidai inda kogi ya haɗu da teku ruwa yana da ja ƙwarai, ko gwanin iyo ba ya wasa da wurin. Sauro yana da yawa, sai da gidan sauro da magani. Sannan wasu tsibiran sana'arsu dafa giyar rake ce, Aflive ta yi suna a kan haka, kuma matuƙa sukan kai baƙo can kai tsaye don sun saba da Turawa. Ka faɗa masa tun farko ba ka buƙata.

Akwai kuma abin da ke sa ni cewa a je Ada yanzu, kada a yi ta ɗagawa. Teku yana cin garin. Ganuwar Kongenstein da mutanen Denmak suka gina a 1783 kusan duk ta tafi cikin ruwa, kuma tun da aka datse kogin a Akosombo yashin da yake kawowa gaɓa ya ragu. A Satumba da Oktoban 2023, da aka buɗe ƙofofin madatsar don rage ruwa, ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Mepe da Battor da Sogakope har zuwa yankin Ada. Ƙarshen damina ba lokacin kwana a tsibirin kogi ba ne.

Dodi

Dodi tsibiri ne da ɗan Adam ya yi ba da niyya ba. Kan tudu ne da ya rage a sama lokacin da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane kimanin 80,000. Mu ma muna da kaso a wannan ruwa: tsohon garin Kete, zangon da fataken Hausawa suka koma bayan yaƙin Salaga na 1892, yana can arewa a ƙarƙashin tafkin nan. Duk lokacin da na hau jirgi a kansa sai na tuna.

Zuwa Dodi ba wuya. Mota daga Ankara zuwa Akosombo, ka tsaya a Atimpoku kusa da gadar Adomi ka sayi abolo, wato turarriyar wainar masara, da soyayyun ƙananan kifi, sannan ka shiga jirgin Dodi Princess II da ke tashi a ƙarshen mako da ranakun hutu. Tikiti ɗaya ne, da abincin rana a ciki, da sidi ake biya, babu ciniki. Jirgi ne babba mai rigunan ceto, ya fi kowane kwalekwale kwanciyar hankali. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a tafkin Volta, domin itatuwan da ruwa ya cinye suna nan tsaye a ƙasa, kuma kututturansu sun sha kifar da ƙananan jiragen katako da aka yi wa lodi fiye da kima.

Sai dai shiru babu. A cikin jirgin akwai makaɗa, akwai rawa, akwai masu sha. Tafiya ta fi zaman tsawo: awoyi a kan ruwa, ɗan lokaci kaɗan a tsibirin, yara su tarye ku da kiɗa, ku zaga, a busa muku ku dawo. Duwatsun da ke kewaye da tafkin suna da kyau, ban musa ba. Amma yawon yini ne, ba gudun duniya ba. Kuma kada kyan ruwan ya ruɗe ka ka shiga wanka a gefen tafki, ruwan kwance ne mai katantanwar da ke ɗauke da tsargiya.

Prinsipe

Wannan shi ne tsibirin da ake gani a hoto a ce anya duniya ce. Faɗinsa murabba'in kilomita 142 ne, mutanensa ba su kai dubu goma ba, wato unguwa ɗaya a Nima ta fi shi jama'a. Babban garinsa Santo Antonio, za ka zaga shi da ƙafa kafin shayi ya huce. Kudancinsa daji ne mai duhu da duwatsu masu tsini, aku yana yawo a sake kamar yadda tattabaru ke yi a wurinmu. UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren da ake karewa a 2012. Daga Yuli zuwa Oktoba manyan kifayen nan masu feso ruwa suna wucewa ta gaɓarsa.

Abin mamaki, bai yi nisa ba. Jirgin saman kamfanin TAP na Fotugal da ke tasowa daga Lisbon yana yada zango a Ankara kafin ya wuce Sao Tome, tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Daga can sai ƙaramin jirgi, minti arba'in ko ƙasa da haka. Matsalar ita ce kujerun ƙaramin jirgin kaɗan ne, hadari kuma yana iya hana shi tashi, don haka kada ka haɗa ranar dawowarka daga Prinsipe da ranar jirgin Ankara. Ka bar kwana ɗaya a tsakani. Wannan kwanan ma ba asara ba ne, a kudancin Sao Tome akwai ɗan tsibirin Rolas, inda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa.

Ɗan Gana zai ji wurin kamar ya san shi, saboda koko. Tsofaffin gonakin Turawan Fotugal, da suke kira rosa, suna nan da gine-ginensu, wasu sun zama kufai, wasu an gyara sun zama masauki. A farkon ƙarni na 20 waɗannan tsibirai ne kan gaba a duniya wajen fitar da koko, da gumin bayi da 'yan ƙwadagon tilas, kafin ƙasarmu ta karɓe kambun. Irin kokon da Tetteh Quarshie ya kawo Gana a 1879 ma daga maƙwabcinsu tsibirin Fanando Po ya ɗauko. A gonar Sundy ne kuma masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki hoton kusufin rana na 29 ga Mayu 1919, wanda ya gaskata lissafin Einstein cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurari.

Kuɗi fa? Nan ne gizo ke saƙa. Tikitin jirgi biyu, sannan masauki da yuro. Kuɗin ƙasar dobra ne, an ɗaure shi da yuro a kan dobra 24.5 kowane yuro ɗaya, kuma gara ka riƙe tsabar kuɗi a hannu da ka dogara da kati. Akwai ƙananan masaukai a Santo Antonio masu dama-dama, amma in ka zaɓi manyan na bakin teku na mako guda, lissafin zai sa ka tuna ba ka je Umra ba tukuna. Ƙasar ba ta cikin ECOWAS, sai ka tabbatar da ƙa'idar shiga kafin ka yanki tikiti, ka kuma riƙe katin allurar shawara. Harshe Fotugis ne, Turanci ba ya kai ka nesa. Mutanen yawancinsu Katolika ne, alade yana cikin girkinsu, don haka ka tsaya a kan kifi da ayaba da 'ya'yan itace, waɗanda suke a wadace. Jam'i da Juma'a kuwa, ka sa a ranka kai kaɗai za ka yi sallarka. Ruwan sama yana da yawa, rani mai kyau daga Yuni zuwa Satumba ne.

Bijagos

Tsibirai 88 ne a bakin gaɓar Gini Bisau, kusan ashirin kawai ake zaune a kansu dindindin. UNESCO ta amince da su a matsayin wurin kare halittu tun 1996, a Yulin 2025 kuma ta sa wani yankinsu cikin kayan gadon duniya. A Orango akwai dorinar da ke shiga ruwan gishiri, abin da ba kasafai ake gani a wani wuri ba. A ɗan tsibirin Poilao dubban koren kunkuru ke yin ƙwai a ƙarshen damina. Wasu tsibiran masu tsarki ne a wurin mutanen Bijago, ba a zubar da jini a kansu, ba a gina gida, wasu ma baƙo ba ya taka su sai da izini. Wannan al'ada ce ta tsare dajin, ba dokar gwamnati ba. A Orango har yau ana girmama sarauniya Okinka Pampa, wadda ta tsaya wa mutanenta a gaban Turawan Fotugal har ta rasu a 1930.

Fasfon Gana yana shiga ba biza, kuɗinsu sefa ne irin na Lome da Abijan, kuma a Bisau Musulmi suna da yawa, Fulani da Mandinka, masallaci da naman yanka ba sa wuya. Iyakar sauƙin ke nan. Babu jirgi kai tsaye daga Ankara, sai ka bi ta Lome ko Dakar. Daga Bisau zuwa Bubaque, babban garin tsibiran, awa huɗu ne ko biyar a jirgin ruwa, kuma ba agogo ke tashinsa ba, cikar teku da janyewarsa ne. Daga Bubaque zuwa Orango sai ka yi shatar ƙaramin jirgi, man fetur a wuyanka, abin da ke sa tafiyar ta yi tsada in kai kaɗai ne, ta yi sauƙi in kun kai biyar ko shida. Kada ka yarda da kwalekwalen haya da aka cika da buhuna da awaki, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Asibiti mai ƙarfi yana nesa, zazzaɓin cizon sauro yana nan, ƙasar kuma ta saba da juyin mulki, sai an saurari labarai kafin a tashi. Lokacinsa Nuwamba zuwa Mayu.

| Wuri | Hanya daga Ankara | Kuɗi | Shiru | Kwana | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ada | Mota awa 2 zuwa 3, sai kwalekwale | Kaɗan, da sidi | Sosai a tsakiyar mako, babu a ƙarshensa | 2 zuwa 4 | Jan ruwa a bakin teku, sauro |
| Dodi | Mota, sai babban jirgin ruwa | Matsakaici, da sidi | Kaɗan | Yini ɗaya | Tsargiya ga mai wanka |
| Prinsipe | Jirgin sama biyu | Mai yawa, da yuro | Kullum | 5 zuwa 7 | Soke tashin jirgi, ƙarewar kuɗi |
| Bijagos | Jirgin sama mai zango, sai jirgin ruwa | Mai yawa, da sefa | Kullum, har ya yi yawa | 8 zuwa 10 | Teku, nisan asibiti, siyasa |

Wa zai je ina

Mai iyali da yara, ko wanda zai fita da Hajiya da ba ta taɓa hawa ruwa ba, Dodi ya dace da shi. A tafi da safe, a dawo a kwana a gida, yara su sami labarin ba 'yan makarantarsu. A nemi kujera nesa da makaɗa.

Ango da amarya da Allah ya hore musu, ko ɗan kasuwar da ya shekara goma bai rufe shago ba kuma yana da abin kashewa ba tare da ya taɓa jari ba, su nufi Prinsipe tsakanin Yuni da Satumba. A can ba sai ka zaɓi rana ba, kowace rana Talata ce.

Bijagos na matasa ne masu ƙarfi a jika, waɗanda suka saba da hanyar Lome da Kwatano da Abijan, suna da kwana goma da ba wanda zai neme su, kuma jiran jirgi yini guda a tasha ba zai ɓata musu rai ba. Su tafi a ƙungiya. Mai hawan jini ko ciwon suga, da mai juna biyu, su haƙura da shi.

'Yan'uwanmu na Kumasi, na Aboabo da Asawase, yawancin waɗannan sai sun fara sauka Ankara, awa biyar ko shida a mota. In kwana biyu kawai gare su, tafkin Bosomtwe yana nan kusa, kilomita talatin da 'yan kai. Ba shi da tsibiri, amma ƙauyukan da ke can ƙetaren Abono suna da shirun da ya isa.

Shi kuwa ƙanena, da kuɗinsa na sidi da shagon da ba zai iya rufewa fiye da kwana uku ba, na ce masa Ada, ranar Litinin, a watan Disamba kafin hayaniyar Kirsimeti ko a tsakiyar Janairu, lokacin kunkuru. Ya sayi ruwan leda da burodi da suga a Kasseh, ya ɗauki gidan sauro da butarsa da tukunyar shayi. Ya ce, "To Yaya, waya fa? An ce sabis yana kaiwa har can." Na ce yana kaiwa. Ya ba matarsa lambar mai bukkar, ya kashe tasa tun daga Kasseh.